Anga Ce Ta Kankare Rubutun, Ba Hannun Bachal Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Safar, da hantsi, Ustad Bachal Mallah, gwanin fentin jiragen kamun kifi na garin Ibrahim Haidari da ke bakin teku, ya rasu a gidansa da ke bayan kasuwar kifi, yana da shekara sittin da takwas. Likita ya ce zuciya ce. Ban musa wa likita ba. Amma na san waɗanda suka taka zuciyar, kuma ina cikinsu.

Bachal, shekara arba'in muna tare. Ni na yi karatu har jami'a, na koyar da 'ya'yan garin nan har aka sallame ni da takardar godiya da agogon bango da bai taɓa tafiya ba. Kai ko sunanka ba ka iya rubutawa. Ni nake rubuta maka baƙaƙe a takarda, kai kake ɗora su a goshin jirgi har su fi nawa kyau. Kakan ce, "Masta, kai ka san abin da suke faɗi, ni na san yadda suke tsayuwa." Da aka sallame ni, kunya ta hana ni fita. Wata uku kana zuwa kowace safiya da shayi mai madara da gurasa, wai kana neman in sake rubuta maka wani suna da ya ɓace. Daga baya na ga takardun duka a akwatinka, babu wadda ta ɓace.

Kowa a bakin tekun nan ya san yadda kake aiki. In ka gama fenti ya bushe, sai ka saƙa tabarma da igiyar ɓawon kwakwa, mai kaurin yatsa uku, ka jiƙa ta da man kifi kwana bakwai, ka ɗaure ta a goshin jirgi daidai inda anga, ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, take hawowa. Haƙoran anga ƙarfe ne, igiyar ruwa kuma tana kaɗa ta. In ta karce fenti, ruwan gishiri ya shiga katako, tsutsa ta biyo shi, bayan damina biyu goshi ya zama kamar burodi. Matuƙa suna tsokanarka: "Ustad, ka yi wa amarya kwalliya, ka lulluɓe ta da buhu!" Kai kuma ka ce, "Amaryar da za ta zauna da ƙarfe ai garkuwa ake ba ta, ba turare ba."

Shekara uku ke nan da Haji Sumar, mai jirage shida kuma shugaban kwamitin masallaci, ya ba ka sabon jirginsa. Ya ce a rubuta Masha Allah da manyan baƙaƙe a goshi, ƙasa da bakin katako, don na kan gaɓa su hango. Ka ce masa nan hanyar anga ce, a matsa da rubutun baya kamu biyu. Ya ƙi. Ka yi yadda ya so. Ranar da ka zo da tabarmarka, ya daka maka tsawa.

"Sunan Allah za ka rufe da wannan abin mai ƙarni? A jirgina?"

"Haji, in ban rufe ba, ƙarfe zai taɓa shi."

"Mai sunan zai tsare sunansa. Ɗauke!"

Ina tsaye a wurin, takardar rubutun tana hannuna. Na ga tabarmar a kan yashi.

Fita biyu jirgin ya yi, anga ta kankare tsakiyar rubutun fes. Masunta suka ƙi hawa, suka ce ba sa shiga teku a jirgin da sunan Allah ya goge daga goshinsa. Nan Haji Sumar ya sami ƙaryar da za ta fisshe shi. Ya ce fentin ne ya zube da kansa. Ya ce a duba, furanni suna nan, tsuntsaye suna nan, sunan Allah kaɗai ya ƙi zama, to wane irin hannu ne wannan? Maganar ta bi layin wankin kifi, ta shiga shagunan shayi, ta isa masallaci. Mutanen da suka yi shekara talatin suna jan anga da hannunsu, waɗanda suka san tabon ƙarfe kamar yadda suka san fuskar uwarsu, suka gyaɗa kai. Da damina ta zo, teku ta yi hauka, aka jawo jirage tudu don gyara, ba a kawo maka ko ɗaya ba. Aka ɗauko yara masu injin feshi daga birni.

Ka zo wurina sau ɗaya tak. Ka ce, "Masta, kana wurin. Kai ana jin maganarka. Ka faɗa musu." Na ce ka bari ƙura ta lafa. Mijin 'yata a jirgin Haji Sumar yake aiki, wannan ce ƙurar. Ka dube ni, ka shanye shayinka, ka tambayi ciwon gwiwata. Ba ka sake tayar da zancen ba. Karatun da nake taƙama da shi bai ba ni abin da jahili mai kunya yake da shi ba.

Da a kanka abin ya tsaya, da sai in ce ka huta. Amma ɗanka Sajan, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya ɗauki hannunka tsaf, an ce shi ma hannun gidan ne. Yau ƙanƙara yake dako a kasuwar kifi, buroshinka yana bushewa a gwangwani.

Ranar addu'ar uku, Haji Sumar ya zo cikin fararen kaya, ya zauna a sahun gaba, ya ce, "Mun yi rashin gwani." Na miƙe. Na faɗi abin da na gani, daga rubutun har tabarmar da ke kan yashi. Ya yi murmushi ya ce, "Masta, nan wurin makoki ne. Tsufa ya fara taɓa ka." Na juya ga Dino, matuƙin jirgin nasa, na ce, "Dino, kai ka ja angar nan. Faɗi, ko ka haɗiye ka tafi da ita kabari." Dino ya ce, "Anga ce. Duk hawowarta ina jin ƙarar." Dattawa suka shiga gyaran rawani.

Washegari aka sallami mijin 'yata, aka sallami Dino. 'Yata ba ta gaishe ni ba har yau. Ba na neman a tausaya mini. Wannan kuɗin goro ne a kan abin da kai ka ɗauka shekara uku kai kaɗai, kuma da na biya shi a lokacinsa, wataƙila da yau kana bakin ruwa kana zagin masu injin feshi.

Jiya tsoho Mitho ya jawo ɗan ƙaramin jirginsa ƙofar Sajan. Guda ɗaya, a garin da ke da jirage ɗaruruwa. Sajan ya aiko a rubuta masa sunan jirgin. Ya ce, "Baffa, ka rubuta da girma, ni na san inda zan sa shi."

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Bachal Mallah ɗan Juman. Ka yalwata masa kabarinsa, ka wanke shi daga abin da aka shafa masa, ka sa baƙin cikin da ya haɗiye ya zame masa kaffara. Ka ba matarsa Bhagi haƙuri, da Sajan, da 'yan'uwansa mata biyu, da jikoki. Ni kuma ka yi mini hisabin shiruna da sauƙi, ko da ban cancanta ba.

Ku kuma masu jirage, damina na tafe. Sajan ya ƙoshi da hannuwan da kuka dafa masa a kafaɗa. Wanda zai ce amin ga addu'ar nan, ya fara jawo jirginsa ƙofar gidan Bachal.

Masta Wasayo Jat