Tsokar Kusu

Ina aji biyu na babbar sakandare aka laƙaba wa Babanmu suna a bakin iyakar Jibiya: uban mai kiwon kusu. Hatsi yake sayarwa, ɓera kuwa abokin gabarsa ne. Ga Yayata can jami'a tana bincike a kan ɓeraye. Wani ɗan dako ya ji an ce aikinta "tsokar kusu", ya ɗauka tsokar miya ce, ya baza. Kunya ta ishi Baba, ya ce in ta zo hutun Sallah ba za ta koma ba.

Ni ba mai magana ba ce, amma na ga bidiyon da ta turo wayar Innarmu. Guntun hanji biyu a ruwan ɗumi cikin gilashi. Ɗaya yana matsewa yana saki shi kaɗai, kamar tana. Ɗayan da ƙyar yake motsi. Na ɓeran da aka haifa da canji a ƙwayar gadonsa ne. Abinci ba ya wuce masa, cikinsa sai kumbura.

Wata Asabar na kai wa Baba abinci rumfa. Wani direba mutumin Maraɗi yana zaune kan buhun gero.

"Alhaji, yau ma miyar kusun ce? A sammana tsoka guda!"

Aka kwashe da dariya. Na ga kunnen Baba ya motsa, yana ta gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi.

"Baba direba," na ji bakina ya ce, "ka ce wa hanjinka ya tsaya."

"Mi kika ce, ɗiyata?"

"Hannunka yana jin umarninka. Hanji ba ya ji, tsokarsa daban ce, ita ke tura tuwo ko kana barci. Ita Yaya take dubawa. Akwai jariran da ake haifa tasu ba ta aiki, a jikin kusu ake neman dalili."

Direban ya dafa tumbinsa.

"Wallahi gaskiya ne. Wannan ko duwan, kwastan ɗinmu, bai tsaida shi!"

Aka sake dariya, amma ba da Baba ake ba. Da na ce a bidiyo na gani, ɗan dakon nan ya matso ya ce a nuna masa.

Da la'asar Baba ya kira Yaya a waya, ina tsakar gida ina wanke kwanonsa. Suka gaisa, ya yi gyaran murya.

"Ya kusan naki? In kika taho Sallah, wa zai ba su abinci kafin ki koma?"