Baba Mai Walda da Tagogin Masana'antar Katifa

Haihuwa da koyon sana'a

An haifi marigayi, wanda aka fi sani da Baba Mai Walda, a shekarar 1951, a unguwar ma'aikata da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa direba ne, mahaifiyarsa kuwa tela. Bayan ya kammala firamare a 1964 aka kai shi koyon walda, inda ya shafe shekara bakwai kafin ya buɗe tasa rumfar.

Aure da aiki

Ya yi aure a 1975. A 1982 wata masana'antar katifa ta ba shi kwangilar sanya ƙarafa a tagoginta goma sha takwas, saboda masu ita suna zargin ma'aikata da jefo kaya waje. Ya yi aikin da inganci kamar yadda ya saba. A nan ƙanwarsa take ɗinkin rigunan katifa, a saman bene.

Gobara da bincike

Wata Talata a 1984, da hantsi, wayar lantarki ta yi tartsatsi a ɗakin ajiyar soso na masana'antar, wuta ta tashi. Hayaƙi ya toshe matakala, ƙofar baya kuma na kulle da kwaɗo. Da labari ya iske shi, ya garzayo da zarto da guduma, amma taga ɗaya kacal ya iya ɓallewa, aka zaro mutum tara. Arba'in da uku suka rasu, ciki har da ƙanwarsa.

Dangi suka roƙe shi da ya kama bakinsa, gudun ɗauri. Duk da haka ya bayyana gaban kwamitin bincike, ya ce: “Ni na yi waldar nan, kuma ban tambayi ta ina mutane za su fita ba.” Shaidarsa na cikin hujjojin da suka sa hukuma ta haramta toshe tagogi da kulle ƙofofi a lokacin aiki. Kamfanoni suka daina ba shi kwangila, mahaifiyarsa ta shekara uku ba ta amsa gaisuwarsa.

Sauran rayuwarsa

Daga 1987 zuwa 2010 ya yi aiki da ƙungiyar ƙwadago, yana zagaya masana'antu, yana gwada kowace ƙofa da hannunsa. Inda ya tarar da ƙarfe a taga, kyauta yake yankewa.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a 2019, sakamakon ciwon huhu, aka yi jana'izarsa bayan sallar la'asar. Ya bar matarsa da ’ya’ya huɗu: malamar makaranta, kafinta, ma'aikaciyar jinya da mai gyaran mota. Na biyar ɗan ƙanwarsa ne, wanda ya riƙe tun yana wata takwas, kuma wannan ɗan ne ya shiga kabari ya karɓi gawarsa. Allah Ya jiƙansa.