Yatsun Baba Ba Su Manta Daji Ba

"Barewa ce mana!" in ji ni, har na zaro waya zan ɗauki hoto.

Jiya ke nan a gidanmu na Dabai. Yayana Bitrus ne ya dawo daga farauta da dabba ɗaure a bayan babur. Sai ya sosa ƙeya ya ce shi kam bai tabbata ba, a kai wa Baba ya faɗa.

Baba tsohon maharbi ne, amma tun da ya daina gani bara ya daina hira da kowa, abinci ma sai an lallaɓa shi.

Muka shimfiɗe ta a gabansa. Ya shafa kai, ya shafa wuya, sai yatsarsa ta tsaya a ƙarƙashin kunne.

"Wa ya ce barewa?"

"Ni ce, Baba."

"Ke da kika san daji a cikin waya? Kawo hannunki. Kin ji wurin nan da ba gashi? Baƙi ne, ko? To batsiya ce. Da gada ce ma, da kin ji tukku tsakanin ƙahoni."

Daga nan bakinsa bai huta ba har aka gama fiɗa. Tuwo malmala biyu ya ci!

Da muka keɓe na ce wa Bitrus, "Shekara ashirin kana shiga daji, ba ka san batsiya ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Tun kafin in harba na san ta. Muryar Baba nake son ji."

Ku fa, yaushe rabon da ku tambayi tsohonku abin da kuka riga kuka sani?