Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Shekarata ta huɗu a Greensboro ta ƙasar Amurka na sami aikin kula da wani tsohon Bature a Pleasant Garden. In yi masa wanka, in ba shi magani, in zauna in sha surutu. Kai, tsohon nan akwai baki! Kuma duk hirar duniya ba shi da wata sai ta sunan gidansu.

Yana da wani tulin takardu a kwali. Da su yake nuna mini cewa sunan daga wani ƙauyen Jamus ya taso, ma'anarsa maƙerin ƙafar keken doki. Wani kakansu ya hau jirgin ruwa ya sauka Pennsylvania, ma'aikacin tashar ya kasa rubuta sunan, ya zubar da ɗigo biyun da ke kan harafi guda. Jikokin wannan suka ɗora kayansu a keken shanu suka gangaro nan, a hanya wani harafin ya sake faɗuwa. Tsohon yana ba ni labarin yana huci kamar jiya aka yi masa satar haruffan. Kakanninsa takwas yake lissafawa a jere, bai taɓa tuntuɓe ba.

Wata rana ya karanta katin aikin da ke wuyana, ya ce, "Naka fa? Me Malam ke nufi?"

Na yi dariyar yaƙe. Ranar da aka yi mini takardu a Maraɗi, ma'aikacin ya tambayi sunan mahaifina, shi kuwa Baba yana tsaye a gefena. Ina ni ina kama sunansa a gabansa? Na sunkuyar da kai na ce, "Malam." Haka mutumin ya rubuta, ko ɗagowa bai yi ba. Yanzu 'ya'yana biyu da shi ake kiransu a makaranta.

Tsohon ya ce, "To, kakanka fa?"

 Sunan Baba na sani. Amma kakana, tun kafin a haife ni ya rasu, kuma a gidanmu Malam Babba kawai ake cewa. Wallahi raina ya ɓaci, har na ga baƙin tsohon, alhali shi tambaya kawai ya yi.

Da na tashi aiki na sayi katin waya na kira Inna, mahaifiyata. Baba ya rasu, ƙannensa duk sun bi shi, ita kaɗai ta rage da ta san sunan.

"Inna, mene ne sunan Malam Babba na yanka?"

Ta yi salati. "Surukin nawa? Amurka ta cinye maka hankali ne?"

Na roƙe ta. Na ce don yara ne, ko da raɗa ta faɗa, ba mai ji. Har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce shekara hamsin bakinta bai kama sunan nan ba, ba za ta fara a waya ba. In na zo gida, za ta kai ni wurin wani mai sunansa ta nuna mini shi, sai in tambaye shi da kaina.

Lokacin ba ni da takardun zama. In na fita, ba dawowa. Na ce mata, "To, Inna, baɗi in Allah ya yarda." Sau uku ina ce mata baɗi.

Ina tuƙi zuwa wurin aiki ƙanwata ta kira ta ce Inna ta cika. Bayan sadakar arba'in na daure na tambaye ta ko Inna ta taɓa nuna mata mutumin. Ta ce, "Yaya, wane mutum?"