Malam Maiwada Mai Tsintar Matacciyar Tsutsa

Kafin raɓa ta bushe, Malam Maiwada ya riga ya shiga gonakin Maska da 'yan kwalabe a aljihu. Yana buɗa kunnen masara ɗaya bayan ɗaya, yana neman tsutsar da ta mutu. In ya samu, ya ɗaga ta ga rana, ya dubi funfunar da ta lulluɓe ta, ya rubuta gona da launi. Shekara tara ke nan.

Funfunar nan ba ta gado ba ce. Wasu masu bincike ne suka sauya mata ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji don ta riƙa kashe tsutsar masara da sauri. Suka fesa ta a gona huɗu, suka ɗauki Maiwada ya sa ido. Bayan damina uku aikinsu ya ƙare, motarsu ta daina zuwa. Funfuna kuwa ba ta san an tashi ba.

Mutanenmu ba sa hana maƙwabci iri. Da aka ga tsutsa na mutuwa, sai aka shiga tsince gawarwakin, a daka, a ƙulla a leda, a aika wa suruki a Malumfashi, a kai wa ƙanwa a Matazu, kamar dai irin wake. Maiwada ya bi gida gida yana roƙon a bari.

"Malam, tsutsar ma rowarta za ka yi mana?" in ji Hajiya Mairo, maƙwabciyarsa a gona. "Sai ka ce naman layya."

"Hajiya, abin nan rai gare shi. Inda ya je, halin wurin yake ɗauka. Ban san me zai zama ba."

Aka yi masa dariya.

A damina ta shida, funfunar da aka sani koriya shar ta fara komawa ruwan toka. Tsutsar da kan mutu cikin kwana huɗu ta riƙa kai goma tana ci. Sai ga Mahadi, mai amya goma sha biyu a kan ɗorawa, da matattun ƙudan zuma a tafin hannu, toka-toka.

"Baba Maiwada, taku ce wannan?"

"Ido ba zai raba ba, sai an gwada."

Sau uku ya aika wa masu binciken kwalabe. Amsa ɗaya ta zo: an karɓa. Bai tsaya jira ba. Shi da Mahadi suka sauke amyoyin, suka kai su nesa da masara. Bakwai sun riga sun yi shiru. Biyar ke nan suka rage, da su Mahadi ke riƙe da gidansa.

Kai ne, Malam, ka tsaya gadin abin da masu shi suka bari. Kai ne ba ka taɓa cewa ka sani ba alhali ba ka sani ba. Mun gode, Allah ya saka. Duk wanda ledar nan ta iso hannunsa, ya yi irin naka, ya tsaya ya duba kafin ya miƙa gaba.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, ba ya raba kore da toka. Zai ajiye aikin bayan kaka. Hajiya Mairo ce yanzu ke ɗaga masa tsutsa ga rana. Ranar Laraba ta ɗauko wata a gonar da ke dab da sabon wurin amyoyin.

"Wane launi, Hajiya?"

Ta daɗe tana juya ta.

"Toka, Malam."

Ya miƙa mata littafin. "To, rubuta. Sannan a kira mini Mahadi."