Taya ta Huɗu

Ranar da motar Auta ta iso Dakoro sai da mutanen tasha suka bar abin da suke yi suka zo kallo. Auta ƙanena ne, yana aiki can Kanada. Shi ya turo ta a jirgin ruwa ta Kotono, ya ce in riƙe masa ita amana kafin ya zo gida. Ja ce wur, irin motocin nan na gudu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Wani direban kat-kat, irin motocin jejin nan, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago ya ce, "Mushe, wagga ai ko kashin raƙumi ta taka sai ta maƙale." Mushe suke ce mini, wato malam, don ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Na ce masa hassada ce, ya je ya nemi magani.

Da tayoyin sanyi ta zo. A gefen kowace akwai ɗan zanen dutse da wata alama kamar tauraro a cikinsa. Auta ya ce na dusar ƙanƙara ne, robarsu laushi gare ta don ta kama hanya in ta daskare, shi kuma ya manta bai canza su ba kafin a loda ta. Kai, Auta! Taya ta ƙasar ƙanƙara ka turo wa Dakoro? Bazara ɗaya ta cinye su. Kafin ruwan fari, biyu sun zama sumul kamar tafin hannu, ɗaya ta kumbura a gefe, ɗaya kuma har waya ta leƙo.

Da na gaya masa, sai ya zaunar da ni a waya kamar ni ne ƙanen. Ya ce motar nan ƙafafunta huɗu duka ke ja, ba biyu ba. In taya ɗaya ta fi sauran tsayi ko da yatsa ɗaya ne, akwatin da ke tsakiya mai raba musu ƙarfi zai yi ta kokawa da su har ya ƙone, kuma kaf ƙasar nan ba inda za a sami wani. "Yaya, don Allah huɗu iri ɗaya, lamba ɗaya. Kada ka bari a yi mata irin gyaranmu na gida."

Ni kuwa in aka ba ni doka, to an gama da ni. Na haddace lambar nan kamar fatiha: ɗari biyu da arba'in da biyar, arba'in, sha takwas. Ta fari faɗi, ta biyu tsayin gefe, ta uku girman janti, wato ƙarfen da tayar ke zama a kai. Muka yi ta shawara da Auta, ko a rage janti a ƙara tsayin gefe saboda ramukan hanyarmu, ko a bar ta yadda masu ita suka ƙera ta, daga ƙarshe muka tsaya a kan lambarta ta asali. A fada wurin shan shayi na ishi abokaina da wannan karatu, har in na buɗe baki sai su haɗa baki su ce "sha takwas!" Na je Maraɗi na zaga masu taya har ƙafata ta yi ciwo, na sami uku. Ta huɗu mai shagon ya ce tana hanya daga Kano, in ta iso zai ɗoro mini ita a motar kasuwa.

Motar na kan duwatsu a gareji, ƙafa uku sabbi ɗaya babu, aka bugo daga wani ƙauye bayan Sabon Maci cewa Kawu na jin jiki.

Kawu wan Innarmu ne, su biyu suka rage a ɗakinsu. Shi ya sa Auta lakwal lokacin da Babanmu ya ce ɗaya ya isa, a bar masa ɗaya a gona. Tun da ya ji labarin motar, duk wanda zai zo Dakoro sai ya ba shi saƙo: a gaya wa yaran nan yana so ya ga jar motar ɗansa da idonsa, a ƙofar gidansa. Ni kuma kullum sai in ce in an yi hutu.

Inna ta kira ni ɗakinta. Na tarar har ta ƙulle kayanta a zane, da cuku da ta sayo masa wurin matan Fulani, don da shi yake son shan shayi.

"Gobe za ka kai ni," ta ce.

"Inna, motar ba ta da ƙafa ɗaya. Bari in ɗauko miki shatar wata motar, ki zauna gaba ki miƙe gwiwarki."

"Ni ya gaji da ganina tun muna yara. Motar yaron nan yake so ya gani. A cikinta za ni."

Na san Inna. In ta faɗi magana da wannan murya, ko limamin Juma'a ka kawo ba za ta canza ba. Na nufi wurin mai faci na gaya masa halin da ake ciki. Ya shiga bayan rumfarsa ya mirgino wata taya tsohuwar Turai mai sauran kyau, sha takwas ce, ta zauna wa jantin daram. Na duba gefenta: arba'in da biyar, ba arba'in ba. Muka jingina ta da ɗaya daga cikin sabbin, ta ɗara ta da kamar yatsa biyu.

"Mushe, sa ka tahi," ya ce. "Mi ke cikin yatsa biyu? Duk motar da ke garin ga ba mai ƙafa biyu iri ɗaya, kuma har Azagor suke zuwa."

"Waɗannan jakuna ne, wannan doki ce. In akwatinta ya ƙone kai za ka biya?"

"Ni dai ban taɓa ganin cikin irinta ba, ba zan rantse maka ba. Amma Sabon Maci ce fa, ba Makka ba."

Na hau shi da faɗa, na ce irin wannan "ba komai" ɗin ce ta kashe motocin ƙasar nan. Ya ɗaga kafaɗa ya mirgine tayarsa. Na kira Auta na gaya masa komai, ban ɓoye masa ciwon Kawu ba. Ya ce, "Yaya, kai ke kusa, duk yadda ka gani." Wallahi da ya ce a'a da na sami wanda zan raba nauyin nan da shi. Bai ce ba. Ni na ga a jira.

Kullum da safe in buga Maraɗi, mai shago ya ce gobe in sha Allahu. In buga ƙauye, a ce da sauƙi. Ni ɗan Dakoro ne, na san ko mutum na shure-shuren ƙarshe da sauƙi za a ce maka, amma amsar ta yi mini daɗi, sai na riƙe ta. Inna kuwa ba ta sake yi mini maganar ba. In na shiga gaishe ta sai in ga ƙullin nan a bakin gado, gyalenta a ninke a kai. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi yara, shi ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tayar ta iso da wata hantsi a saman motar kasuwa, ɗaure tsakanin buhunan albasa. Na karanta lambar sau biyu, daidai take. Aka ɗaura, aka sauke motar daga kan duwatsu, na je na ɗauko Inna. Sai da muka taru da matata muka lanƙwasa mata gwiwa kafin ta shiga.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na ji daɗin tuƙin nan. Motar ta kwanta a kwalta lif, ba rawa ba ƙara, gero kore shar dama da hagu, iskar damina na shigowa. Har na ce, "Inna, kin ji yadda take tafiya? Da mun sa waccan tayar da ba haka ba." Ta ce, "Uhm," tana jan tasbaha.

Mun bar kwalta a Sabon Maci muka shiga hanyar gonaki, ina lallaɓa cikin motar kada ya taɓa rairayi. Ba rezo a wajen, waya ba ta kamawa. Dab da ƙauyen muka ci karo da maza suna tahowa daga gabas, jere, ba mai magana. Wasu da magirbi a kafaɗa, biyu na ɗauke da makara ba kowa a ciki. Na hango babban ɗan Kawu a gaba, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Suka ratse suka ba mu hanya, suna kallon motar.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna, a hankali. Ashe bayan asuba Kawu ya cika, sun yi ta neman wayata ba ta shiga.

Na tsayar da motar a ƙofar gidansa don ba wani wurin tsayawa. Masu zaman makoki suna amsa gaisuwata idonsu na kanta, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Garin gyaran gira na tsone ido. Daga baya wani babban makanike a Maraɗi ya ce mini gaskiyata ce, akwatin zai iya ƙonewa. Na ce ya riƙe gaskiyarsa, ban san abin da zan yi da ita ba.

Da la'asar na hau wani tudu inda ake samun rezo, sai ga kiran Auta. Ya ce, "Yaya, kun same shi? Ya gan ta?" Na ce ya jira, na sauko na aika a kira Inna daga cikin mata, ta dafa ni muka hau tudun tare, tana nishi. Ta karɓi wayar.

"Auta, motarka ga ta nan a ƙofar gidan kawunka. Lafiya lau ta zo, yayanka ya riƙe maka amana. Ka yi wa mamaci addu'a."

Ta miƙo mini wayar, ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ce yaushe zan dawo in ɗauke ta, in an share makoki?

"Kada ka wahalar da ita," ta ce. "Ka mayar da ita gareji. Ni zan biyo motar kasuwa."