Baban Hatimi da Ƙarar Layin Marina

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe tagar rajistar kotu. Ya goge tebur, ya ɗiga tawada a soson hatimi, ya gyara tabarau ɗin nan da aka ɗaure masa ƙafa da zare. Shekara talatin da biyu ke nan a haka, har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Baban Hatimi.

Yana da wani hali mai ƙona ran masu sauri: ba ya buga hatimi sai ya karanta takarda tun daga adireshi har sa hannu. Lauyoyi sun yi mita har sun gaji.

Shekarar da majalisar ƙaramar hukuma ta sauya wa Layin Marina suna, mazauna layin suka kawo ƙara a ranar ƙarshe ta wa'adi. A gabansu akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo. Ɗanta ya tafi neman aiki shekara goma sha tara da suka wuce, ba ta san inda yake ba, sai dai wasiƙa jefi-jefi. Wasiƙar kuwa da tsohon sunan layin kawai take iso mata, don shi kaɗai ɗan ya sani.

Baban Hatimi ya fara karatu, sai ya tsaya.

"Goggo, a wane layi kike zaune?"

"Layin Marina mana, ɗana. Abin da ya kawo mu ke nan."

"To ga shi mai buga takardar ya sa muku sabon suna a adireshi, ku ashirin da shida kun sa hannu a ƙarƙashi. Lauyan majalisa zai ce da hannunku kuka amince."

Da ya buga hatimin ya miƙa, babu mai ganin laifinsa. Amma ya ce su je su sake. Telan layin ya bi gida-gida yana tara sa hannu, shi kuwa ya ƙi tashi ko don abincin rana, taga a buɗe. Saura minti huɗu a tashi ya buga hatimin. Bayan wata bakwai kotu ta ce a mayar wa layin sunansa.

Kai dai ba ka taɓa tsayawa gaban alƙali ba, Baban Hatimi, kuma ba a sa sunanka a hukuncin ba. Mu da muka gani mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu zama a tagogin ofis, don Allah ku riƙa karanta abin da aka miƙo muku kamar yadda ya yi.

Ranar da ya yi ritaya Goggo ta zo tagar, tana dogara sanda, da ambulan na wasiƙar ɗanta a hannu, ba a ko buɗe ba. Ta ce ta hana kowa taɓawa a gida.

"Karanta min, ɗana," in ji ta. "Ka fara daga adireshin."